Rinin zoɓo a kan gilashi: ta yaya zan raba siginal ɗina da hasken ɗaki?

Ɗalibar Fiziks ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Ina digiri na biyu a fannin fiziks, kuma aikina a kan ƙwayar sola ce, mai mayar da haske lantarki, irin mai aiki da rini, wadda masana O'Regan da Grätzel suka fito da ita a 1991. Su rinin rutiniyam suka sa, ni kuwa zoɓo nake jiƙawa. Nakan shafa kwaɓin TiO2, wato farin garin titaniyam dayoksaid, a kan gilashin FTO mai rufin da lantarki ke bi, in gasa shi a digiri 450 na Selshiyas, idan ya huce in tsoma shi cikin ruwan zoɓon ya kwana. Da safe sai ya fito da launin shunayya mai kyau.

Ruwan zoɓon shi kaɗai ba ya ba ni wahala. Idan na zuba shi a ƙaramar kwalbar awo, sifektirofotomita, na'urar da ke zana layin yawan hasken da abu ya sha a kowane launi, tana nuna tudu sarai a tsawon zangon haske wajen nanomita 520. Gilashin da aka rina ne ya gagare ni. Shimfiɗar TiO2 ɗin fara ce, tana watsa haske ta ko'ina, ita kuwa na'urar duk hasken da bai iso idonta ba sai ta ƙirga shi a matsayin wanda aka shanye. Layin sai ya ɗaga sama gaba ɗaya, tudun rinin ya zama ɗan ƙullutu da kyar ake ganinsa.

Sai na haɗa nawa tsarin a kan tebur: fitilar halojin, monokurometa mai ware launi ɗaya daga hasken, samfurin, sannan fotodayod na silikon, wato idon da ke mayar da haske lantarki, da na jona da mita. Na kai fotodayod ɗin dab da bayan gilashin don ya kama har hasken da ya watsu. To amma abin da ke fitowa daga monokurometar ɗan kaɗan ne, kuma lambobin ba sa tsayawa wuri guda. Wani ya buɗe ƙofa, su canja. Gajimare ya gifta, su canja. Aka ɗauke wuta aka tada janareto, su koma wani abu dabam.

Malamin da ke duba aikina ya ce in riƙa sara hasken, kuma a kabad ɗin sashenmu akwai na'urar lok-in ƙirar SR830 da wani faifai mai huji-huji da injinsa. Don Allah wanda ya taɓa aiki da su ya fahimtar da ni me saran yake gyarawa, sau nawa a daƙiƙa ya kamata in sara, kuma shin zai magance mini matsalar watsuwar hasken ko kuwa wannan wata magana ce dabam. Na gode.

Tsohon Malamin Lab ya rubuta:

Wa alaikumus salam, 'yata. Matsaloli biyu kika kawo a ƙunshe ɗaya, kuma saran haske ɗaya kawai yake warkarwa kai tsaye. Bari in fara da wadda yake warkarwa.

Fotodayod ɗinki bai san wane haske ne naki ba. Na fitilarki, na taga, na ƙwan silin, duk ɗaya ne a wurinsa, tarawa yake ya ba ki jimla. Ga kuma hayaniyar lantarki ta cikin na'urorin kansu, wadda ta fi yawa a abin da ke canjawa a hankali, kuma awon da kike yi yanzu a daidai wannan wurin yake zaune. Idan faifan nan, cofa muke ce mata, ya riƙa buɗe hasken yana rufewa sau 320 a daƙiƙa, hasken fitilarki ya sami alamar da babu wani haske a ɗakin da ke da ita. Kamar mai kalangu ne a tsakiyar kasuwar Kurmi: surutun jama'a ya fi kiɗansa ƙarfi, amma kunne yana iya bin kiɗan saboda yana da tsari.

Aikin lok-in ke nan. Wayoyi biyu ne ke shiga cikinta, ɗaya daga fotodayod, ɗaya daga injin cofa mai gaya mata lokacin buɗewa da rufewa. Sai ta ninka siginal ɗin da zango mai tafiya daidai da cofar, ta ɗauki matsakaici. Abin da ke tafiya tare da cofa yana barin lamba tsayayya. Abin da ba ya tafiya tare da ita, wani lokaci ya ƙara, wani lokaci ya rage, a ƙarshe ya soke kansa. Dabarar tsohuwa ce, Robert Dicke ya yi amfani da irinta a 1946 wajen auna raunanan zangon maikirowef, kuma shi ake yawan dangantawa da yaɗuwar na'urar.

Inda za ki ajiye cofar ya fi komai muhimmanci. Ki sa ta tsakanin fitila da monokurometa, ko dab da ƙofar fitar haske, kafin samfurin dai. Idan kika sa ta a gaban fotodayod, to hasken taga ma za ta sara, lok-in kuma ta karɓe shi hannu bibbiyu a matsayin naki. Ki kuma kewaye ta da baƙin kwali, domin fukafukan faifan suna iya haska hasken ɗaki zuwa cikin hanya, shi ma ya shigo da alama.

Batun yawan bugu kuwa, wutarmu sau 50 take juyawa a daƙiƙa, doguwar fitila irin mai cok kuma tana ƙyaftawa sau 100. Don haka ki guji 50 da duk ninkinsa: 100, 150, 200, 300, 350. Ki zauna a tsakani, kamar 320 ko 325. SR830 tana iya bin bugu har Hz 102,000 da ɗoriya (Hz shi ne yawan bugu a daƙiƙa), ba ita za ta taƙaita ki ba, injin cofar ne, kuma ba ki da buƙatar hawa sama sosai.

Sai lokacin tarawa, wanda a jikin na'urar aka rubuta shi da daƙiƙa. Idan kika zaɓi daƙiƙa 1 da matata mafi sauƙi, tagar da hayaniya za ta iya shigowa ta cikinta faɗinta Hz 0.25 ne kacal. Farashinsa haƙuri: duk lokacin da kika matsar da monokurometa, ki jira ninki biyar na lokacin kafin ki rubuta lamba. Daga nanomita 400 zuwa 800 a takun biyar-biyar maki 81 ne, kusan minti bakwai ke nan na jira. Na ga ɗalibai da dama suna juya hannun monokurometa suna rubutawa nan take, sai tudun ya fito a karkace ya matsa gefe, su ɗauka rinin ne ya canja. Kuma ki sani, idan kina son ki rage hayaniya da rabi, lokacin sau huɗu za ki ninka, ba sau biyu ba.

Na'urar za ta nuna miki X da Y da R: X ɓangaren siginal ne da ke tafiya daidai da bugun cofa, Y wanda ya goce masa da rubu'in zango, R kuwa girman su biyun a haɗe. Ki kai monokurometa inda haske ya fi ƙarfi, ki danna maɓallin daidaita fes, wato tazarar lokaci tsakanin bugun cofa da siginal, har Y ta koma kusan sifiri, daga nan ki riƙa karanta X. R tana da daɗin karantawa amma ba ta taɓa sauka ƙasa da sifiri, don haka idan siginal ya yi rauni hayaniya takan ɗaga ta sama ta nuna miki abin da babu. Kada kuma ki damu idan lambar ta gaza wadda osiloskof, na'urar da ke zana siffar siginal a allo, ya nuna. Cofa tana ba da bugu mai kusurwa huɗu, lok-in kuwa zangon farko kawai take ɗauka, sai ki ga kusan 0.45 na tsayin bugun. Tunda rabo za ki yi tsakanin gilashi mai rini da marar rini, wannan zai fita da kansa.

Abu na ƙarshe da ba na so ya wuce ki. Monokurometa mai gireti, wato madubi mai siraran layuka da ke raba launuka, idan kika saita ta a nanomita 760, tana sakin ɗan hasken 380 tare da shi. TiO2 irin anatas, wato ɗaya daga cikin nau'o'insa, yana shan duk abin da ya gaza nanomita 387 ko kusa da haka. Hasken 380 ɗin ma ya bi ta cofa, yana da alama, lok-in ba za ta iya raba su ba. Ki sa gilashin tacewa mai tare gajerun zango da zarar kin haura 650.

Gwajin da nake sa kowa ya yi kafin ya yarda da lamba ko ɗaya shi ne a tare hasken da baƙar takarda a gaban samfuri alhali cofa na juyawa. Idan X ba ta faɗi sifiri ba, akwai abin da ke shigowa ta bayan gida, ko haske ko lantarkin injin cofar.

Watsuwar haske kuwa tana nan daram. Hasken da TiO2 ya watsar ya riga ya bi ta cofa. Za ki sami lambobi masu tsabta, amma har yanzu ba za su raba miki wanda aka sha da wanda ya bi wata hanya ba.

Mai Sinadari ya rubuta:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira. Amma ni a ganina, Malama, hanyar da aka saba bi a irin aikinki ita ce ƙwallon tara haske, wanda aka shafe cikinsa da farin bariyam salfet. Kowane haske da samfurin ya watsar yana yawo a ciki har ya isa idon na'ura. Ki auna wanda ya dawo da wanda ya ratsa, abin da ya rage shi ne wanda aka sha. Idan gari ne mai kauri, sai a bi lissafin masana Kubelka da Munk na 1931, mai fitar da shan haske daga hasken da ya dawo. Masu duba takardar bincike sun san wannan hanyar, ba za su tsaya yi miki tambayoyi ba. Ki bincika ko wani sashen sinadarai ko cibiyar bincike kusa da ku na da sifektirofotomita mai irin wannan ƙwallo, awon wuni guda ne.

Kuma ina jan hankalinki kan zoɓon kansa. Antosayanin da ke ba shi launi yana bin tsamin ruwa: ja ne a ruwa mai tsami sosai, idan tsamin ya ragu sai ya dusashe ko ya koma shuɗi-shuɗi. Ki riƙa auna pH, wato awon tsami, na kowane jiƙo ki rubuta. Idan ya kama jikin TiO2 tudun yakan matsa zuwa ɓangaren ja ya kuma faɗaɗa, shi ya sa kike ganin shunayya a gilashi alhali ruwan ja ne. Wannan matsawar ita ce shaidar cewa rinin ya kama, kuma ita ya kamata awonki ya nuna. Haske da zafi suna cinye shi, kada ki bar samfuri a gaban fitilar halojin kai tsaye. Ya zauna bayan monokurometa, ki kuma sake auna maki na farko bayan kin gama don ki ga ko ya kode.

Ɗalibar Fiziks ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na haɗa kamar yadda Malam ya ce, cofa kafin monokurometa, bugu 320. Yanzu ko an buɗe ƙofa lambar ba ta motsi, kuma da na tare hasken da baƙar takarda X ta sauka sifiri. Ƙwallon tara haske babu shi a makarantarmu, ina tambaya a wasu wurare. Kafin nan, Malam, ka ce saran haske ɗaya yake warkarwa "kai tsaye". Akwai hanyar da ba ta kai tsaye ba ke nan?

Tsohon Malamin Lab ya rubuta:

Akwai, 'yata, kuma ita ce na fi so a duk wannan fanni. Shawarar Mai Sinadari daidai ce, idan kin sami ƙwallon ki yi awon. Amma da kayan da ke gabanki za ki iya daina auna hasken da ya tsira, ki koma auna wanda aka sha shi kansa.

Hasken da rini ya sha, mafi yawansa zafi yake komawa, musamman tunda gilashin ba a jone yake da wata waya ba. Idan hasken yana zuwa yana ɗaukewa, fuskar samfurin tana ɗumi tana hucewa da wannan bugun. Ki rufe samfurin a ɗan ƙaramin ɗaki marar shan iska mai tagar gilashi, iskar da ke manne da fuskarsa za ta riƙa kumbura tana motsewa, wato ta zama sauti. Makirufo ya ji, lok-in ta tsamo shi. Hasken da ya watsu ya fita ta taga bai ɗumama rini ba, don haka kusan ba ya cikin lissafi. Na ce kusan, domin watsuwa a cikin shimfiɗar tana tsawaita tafiyar haske ta ƙara yawan wanda ake sha, kuma wanda ya faɗa bangon ɗakin yana iya ba da nasa sautin. Shi ya sa ake yin ɗakin da alminiyam mai sheƙi.

Alexander Graham Bell ne ya gano wannan a 1880, lokacin da yake aikin aika magana ta hasken rana. Ya ga abu mai ƙarfi yana fitar da sauti idan aka haska shi da hasken da ake sarawa. Abin ya kwanta shekaru da yawa saboda babu makirufo mai kyau, sai a shekarun 1970 Allan Rosencwaig ya farfaɗo da shi don auna gari da abubuwan da haske ba ya ratsawa, kuma a 1976 shi da Allen Gersho suka fitar da lissafin da ake bi har yau.

A nan yawan bugu ya tashi daga batun gudun hayaniya kawai, ya zama shi ke yanke zurfin da kike ji. Zafi yana buƙatar lokaci kafin ya fito fuska. A abu mai kama da ruwa, a bugu 10 zafin da ke iya fitowa cikin lokaci daga zurfin maikiromita 67 ne ko kusa, a bugu 100 ya koma 21, a bugu 1,000 bai fi 7 ba. Duk ninki ɗari na bugu yana rage zurfin sau goma. Shimfiɗar da ake yi da hannu irin taki yawanci kaurinta wajen maikiromita 10 ne, saboda haka a bugu 20 zuwa 30 za ki ji ta gaba ɗayanta, kuma sautin ya fi ƙarfi a ƙananan bugu. Ki gwada 23 ko 27. Ƙasa da 20 ƙaramin makirufo irin na waya yakan fara kurumcewa.

Ɗakin ya zama ƙarami iya yiwuwa, kada ya wuce santimita kubik ɗaya, domin ƙarin iska raunana sautin yake. Sai dai ki bar tazarar milimita 3 zuwa 4 tsakanin samfuri da taga, saboda a irin wannan bugu kaurin iskar da ke ɗumi ya kai haka, idan taga ta matso sai ta shanye zafin. Ki yanko ɗan guntun gilashin da zai shiga. Ki tabbata ya bushe sarai, danshi yana canja sautin yana kuma gumi a jikin taga.

Fitilar halojin ba ta ba da haske daidai a kowane launi, tana da rauni a shuɗi, tana da ƙarfi a ja. Don ki cire wannan, ki riƙa gilashi a kan harshen kyandir har ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, ki auna shi a ɗakin da saiti iri ɗaya. Shi yana shan kowane launi, don haka abin da ya ba ki hoton fitilar ne. Ki raba awon samfuri da nasa maki bayan maki. Ki kuma auna TiO2 marar rini, za ki ga ya yi shiru a duk launukan da ido ke gani sai wajen 400 ya fara tashi. Bambancin su biyun shi ne rininki.

Babban abokin gaba a nan cofar ce da kanta. Tana kaɗa iska tana girgiza tebur da bugun da lok-in ke nema daidai. Ki ɗora ta a wani tebur dabam, ki sa ɗakin makirufon a kan soso ko tiyub ɗin keke mai ɗan iska, sannan ki maimaita gwajin baƙar takarda. Ki kuma buɗe ƙofofin monokurometa sosai, ko da faɗin launin zai kai nanomita 10 ko 15. Tudun antosayanin mai faɗi ne, ba abin da za ki rasa, kuma wannan awo yana son haske da yawa.

Bakanike ya rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Ni gyaran kayan lab nake yi, ina da ƙari biyu.

Na farko janareto. Wutar gari tana zama kusa da 50, amma ƙaramin janareto yana bin nauyin da aka ɗora masa, a kunna na'urar sanyaya ɗaki ya sauka, a kashe ya hau. Idan ya sauka zuwa 46, ninkinsa na bakwai ya zama 322, ga shi dab da 320 ɗin da Malama ta zaɓa. Ki sa mita mai auna Hz a soket kafin ki fara. Ƙananan bugu irin 23 da 27 sun fi tsira daga wannan, amma ki lura 23 rabin 46 ne, ni 27 zan ɗauka. Fitilar halojin kuma kada ki ba ta wuta daga soket ta taransifoma. Ki nemi batirin mota mai caji sosai, ƙwan 12V ne dama, haskensa zai tsaya cak. Lok-in ba ta gyara fitilar da ƙarfinta ke hawa da sauka, domin wannan canjin yana cikin hasken da aka sara. Akwatin ƙara ƙarfin makirufon ma ki ba shi batir 9V, ki sa wayarsa mai rigar ƙarfe, gajera, nesa da wayar injin cofa.

Na biyu, ga waɗanda ke karanta wannan ba su da SR830 a kabad. Katin sauti na kwamfuta yana ɗaukar awo 44,100 ko 48,000 a daƙiƙa a layi biyu. Ka sa siginal a ɗaya, bugun cofa a ɗaya, ka naɗa, sannan a yaren kwamfuta na Python ka ninka da zangon sayin da na kosayin ka ɗauki matsakaici, ka sami X da Y ɗinka. Idon da zai ba ka bugun cofa akwai shi a tsohuwar firinta, wanda ke gane shigowar takarda. Dole ka ɗauki fes daga wannan idon, kada ka ƙaddara lamba a lissafi, domin injin da aka haɗa da hannu gudunsa ba ya tsayawa. Katin sauti yana yanke abin da ke ƙasa da Hz 20, a kula da wannan.

Malama, idan cofar ta ƙi daina shiga makirufo, ki ajiye ta ki ɗauko LED masu ƙarfi na 470 da 525 da 590 da 630, ki riƙa kunna su kina kashewa da siginal ɗin da SR830 ke fitarwa da kanta ta hanyar taranzisto. Babu abin da ke juyawa, babu girgiza. Maki huɗu kawai za ki samu maimakon cikakken layi, amma kowanne sai kin raba shi da awon baƙin gilashin da Malam ya faɗa, tunda ƙarfin LED ɗin ba ɗaya ba ne. Sun isa ki kwatanta jiƙo da jiƙo, ko ki bi yadda rinin ke kodewa daga mako zuwa mako.